Musayar waƙa: Tramore, garin bakin teku a ƙasar Ailan

Baƙon Teku: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu alƙalami. Na kai ziyara Tramore, wani ƙaramin garin shan iska da ke kudu maso gabashin Ailan, kimanin kilomita 13 daga birnin Waterford. Ga abin da ya sawwaƙa, mai amsa ya kawo tasa.

Da sunan Rabbana ni za ni fara,
Batun Tramore gari mai ƙayatarwa.

Gidaje kan tudu sun jeru reras,
Suna kallon ruwa ba sa gazawa.

Da rairayi tsawon kilomita biyar,
Ruwan teku a kansa yake kifewa.

A kan dutse mutum ne, ga shi ƙarfe,
Yana nuni ga jirgi mai tahowa.

Ɗan Rima: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, amma ban gamsu ba.

Haba Baƙo, ina riba a yawo,
Ƙasar da ruwanta sam ba ya tsayawa?

Ka ɓad da kuɗi ka je kallon gumaka,
Ka dawo nan da baitocin yabawa.

Da iska mai kaɗa maka duk haƙora,
Ina hutu a gun mai daskarewa?

Baƙon Teku: Ɗan'uwa, sanyin na yarda da shi, amma kalmar gunki ba zan bari ta wuce ba. Ranar 30 ga Janairun 1816 guguwa ta koro wani jirgin ruwa mai suna Sea Horse cikin mashigin Tramore, ɗauke da sojojin Birtaniya da matansu da 'ya'yansu a hanyarsu ta zuwa birnin Cork na Ailan bayan yaƙin Napoleon, ya farfashe a idon mutanen gari, mutum 363 suka halaka. Matuƙa sun sha ɗaukar wannan mashigi a matsayin ƙofar tashar Waterford, alhali ba shi da zurfi. Shi ya sa a 1823 aka gina ginshiƙai uku a tsaunin Newtown da biyu a na Brownstown, aka ɗora wannan mutumin ƙarfe, sanye da shuɗiyar riga da farin wando irin na ma'aikatan jirgi, a kan ɗaya daga cikin ukun.

Tsaya Ɗan Rima, sai ka sani ka furta,
Ka san harshe ya fi ƙafa zamewa.

Garin nan ya ga gawa jere-jere,
Ya sa shaida gudun sake nutsewa.

Haye gulbin garinku kafin ka tanka,
Batun teku a bar wa mai ganowa.

Hajiya 'Yar Gobir: Madalla da kai, ɗana Baƙon Teku! Wannan ita ce waƙa mai ilimi a ciki. Wanda bai je ba ya saurari wanda ya je, domin gani ya kori ji.

Malam Na'aruli: Ina neman afuwa, Hajiya, kafin yabo ya yi nisa. Baƙon Teku ya ɗauki karin Wafir, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa na Larabci, kuma ya riƙe shi da kyau, har sunan garin ma ya zauna daidai idan aka furta shi gaɓa uku, amma layin da ya ce "Da rairayi tsawon kilomita biyar" ya karye, domin gaɓoɓin ƙarshensa sun fita daga ma'auni. A wannan fage baitocin Ɗan Rima sun fi tsabta.

Hajiya 'Yar Gobir: Allah ya gafarta malam, ana maganar rayuka 363 kai kana ƙidayar gaɓa? Baiti mai ɗingishi da gaskiya a cikinsa ya fi lafiyayye da ya ɗora wa mutane bautar gunki.

Malam Na'aruli: Hajiya, ban musa tarihin ba, kuma Allah ya sani ya taɓa ni. Sai dai wanda ya zaɓi ya faɗi magana a waƙe ya ɗauki alkawarin awo, in ba haka ba ya rubuta ta a zube kamar yadda ya yi da labarin jirgin.

Autan Gidan Rima: Gaskiya malam ya faɗa. Yayana bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba, a rubuta wannan.

Ɗan Rima: Ku yi haƙuri da jinkirina, aiki ne ya riƙe ni. Na bincika, kuma na ji ana cewa budurwar da ta zagaya ginshiƙin nan sau uku da ƙafa ɗaya, ba takalmi, za ta yi aure cikin shekara.

Ka ce shaida, na ji, to amma gaya min,
Ina dalilin 'yan mata na zagayawa?

Miji ake roƙo wurin ɗan guntun ƙarfe,
Ashe zancena bai zam kuskurewa.

Baƙon Teku: Wannan camfi ne da ake ba baƙi labari, kuma ginshiƙin yana cikin gonar wani, ba a shiga kai tsaye, daga nesa na hange shi. Abin da na gani kusa da shi daban ne. A wani lungun dutse da ake kira Guillamene na tarar da dattawa maza da mata suna sauka matakala suna faɗawa ruwan da ni ko yatsa ban iya daɗewa da shi a ciki ba, su fito fata ta yi ja, su lulluɓa da tawul, su zuba shayi daga fulas suna gaisawa da suna. Tsohon allon da ya keɓe wurin ga maza kaɗai yana nan, an bar shi don tarihi. Malam, na gyara layin: "Da yashi shimfiɗe har ƙarshen ganinka."

Ka bar camfi, ka dubi tsofaffin garin nan,
Da sanyin safiya suke yin nitsawa.

Jirgin ƙasa ya kawo 'yan Waterford da,
Ma'aikata da yara don shaƙatawa.

An buɗe wannan layin dogo a 1853, shi ya mai da ƙauyen masunta wurin hutun talakawan birni, kuma bai taɓa haɗuwa da sauran layukan ƙasar ba har aka rufe shi a ƙarshen 1960. Yau bas ake shiga daga Waterford.

Malam Na'aruli: Gyaran ya rage ɗingishin amma bai warkar da shi ba, kuma sunan Waterford ya karya maka wani sabon layi. Shi ma Ɗan Rima baitocinsa na biyu sun zame daga Wafir, don haka Auta ya janye maganarsa.

Autan Gidan Rima: Ban janye ba, malam. Yayana yana tafe da amsa bayan sallar isha'i.