Yaya zan raba aikin dare a gidan biredi ba tare da na zalunci kowa ba?

Mai Tanda:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ni ke kula da gidan biredin yayana a nan Kano, ma'aikatanmu 12. Tun da aka buɗe wurin kashi biyu muke yi: shida su shigo ƙarfe 7 na safe su tashi 7 na yamma, sauran shidan su karɓa har gari ya waye. Ba ranar hutu sai in mutum ya roƙa. Dole biredi ya fito kafin asuba, domin ana sallame sallah masu shayi da masu babur ɗin rabawa suna bakin ƙofa.

Damuwata ita ce samari uku da suka zo daga baya. Kusan wata huɗu ke nan ba su fita daga aikin dare ba. Manyan kullum da uzuri, wannan ya ce iyali, wancan ya ce ciwon baya, ni kuma nauyinsu nake ji don wasu sun girme ni. Makon jiya, wajen ƙarfe 4 na dare, gyangyaɗi ya ɗauki ɗaya daga cikin samarin yana fitar da gwangwanaye daga tanda, ya ƙone tun daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu. A hanyar asibiti ya ce min, "Yaya, ni fa rabona da barcin dare tun Babbar Sallah." Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Ni na tsara aikin nan, haƙƙinsa a wuyana yake. Don Allah wanda ya san yadda ake wannan rabo ya taimaka min.

Tsohon Masaƙi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya. Ɗana, awa 12 a gaban wuta ta yi yawa ko ga ƙato. Lokacin da nake masaƙa a Kakuri ta Kaduna kashi uku ake yi, 6 zuwa 2, 2 zuwa 10, 10 zuwa 6, kuma kowa sai ya zagaya.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Ba kowane lokaci ne ke buƙatar mutum shida ba. A ce dare na cin mutum 5 saboda kwaɓi da gashi, safe mutum 3 don sa leda da sallamar masu ɗauka, yamma mutum 2 don wanke gwangwani da auna fulawa. Goma ke nan a rana, gurbi 70 a mako. Mutum 12 in kowa ya yi kwana shida ya huta ɗaya, 72 za su ba ka. Ka ga ya isa, amma da ƙyar. Mutum ɗaya ya kwanta rashin lafiya kwana uku, lissafin ya rushe, don haka ka fara yi wa yayanka maganar ƙarin mutum ɗaya.

Sannan ka rubuta jadawalin wata guda ka manna a bango kowa ya gani. Abin da aka faɗa da baki shi manya ke murɗewa.

Malamar Jinya:

Malam, ni aikin dare ne sana'ata, kuma lokacin da ka ambata na san shi. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 jiki ke sakewa gaba ɗaya, a nan ake yawan yin kuskure. Barcin rana kuma ba ya biyan na dare, balle ga saurayin da ke kwana shago ɗaya da abokai cikin zafin Kano.

Abu biyu zan ƙara a kan maganar Baba. In za ka juya su, ka juya gaba: safe, sai yamma, sai dare, sai hutu. Kada wanda ya tashi 10 na dare ya dawo 6 na safe. Na biyu, ranar da mutum ya sauka daga aikin dare da safe ba ita ce ranar hutunsa ba, barci kawai zai yi ya wuni. Hutun daga washegari yake farawa.

Kuma ba alfarma ba ce. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, da hutun da ya kai awa ɗaya ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini. In akwai wanda bai kai shekara 18 ba a cikin samarin nan, ka cire shi daga dare yau ɗin nan.

Abokin Sana'a:

Ɗan'uwa, ni ma gidan biredi gare ni, kuma canjin ƙarfe 10 bai yi mana ba. Samun adaidaita sahu a wannan lokacin wahala ne, kuɗin motar ma ya ninka. Mu 9 na dare muke canji, bayan isha'i, masu dare su sauka 5 na asuba. Na kuma sa ɗan ƙarin kuɗi a kan kowane dare, sai ga masu ciwon bayan sun warke. Ranar Juma'a masu safe kan tashi da wuri don masallaci, da azumi kuwa jadawali daban muke yi tunda ciniki ya koma yamma da sahur.

Mai Tanda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi lissafin, haka ya fito. Anti, ƙaramin cikinsu shekararsa 17, ban taɓa tambaya ba sai yau, na mayar da shi safe. Wanda ya ƙone zai ci gaba da karɓar kuɗinsa har hannun ya warke.

Saura abu ɗaya. Masu iya gashi sosai biyu ne kacal, kuma dole ɗaya ya kasance a kowane dare, ga shi su ne manyan da ke gudun daren. Na yanke shawarar haɗa kowannensu da saurayi ɗaya ya koya masa tanda. Abokin Sana'a, a wurinka wata nawa yaro ke ɗauka kafin a iya bar masa wuta shi kaɗai?