Shawarwari Kan Ajin Manya Na Littattafai Da Fina-finai A Zariya

A tattaunawar da aka yi a Tudun Wada, lokaci aka fi nanatawa: Asabar bayan La'asar, a tashi kafin Magariba, don matan aure su samu halarta. Aka ce a fara da gajeren littafin Hausa, ana karanta babi ɗaya a bayyane, domin wasu dattawa ajami suka iya, boko bai zauna musu ba. Ni kam na goya wa wannan baya ƙwarai. A garin da aka kafa kamfanin buga littattafai na Gaskiya a 1945, bai dace a bar mai son karatu a waje ba.

Fim kuwa, kowa ya kalla a gida, a zo a yi muhawara. Malaman jami'a daga Samaru su zo, amma kada su mamaye magana.