Waɗanda suka taɓa zuwa bikin hotuna, me ake gani a bango da ba a gani a waya?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda zan halarci bikin hotuna na birnin Arles, a kudancin Faransa, cikin watan Yuli mai zuwa. Na duba jadawalinsu sai na ga baje koli wajen 40 warwatse a cikin gari. Ni da kyamara nake cin abinci, amma aikin da aka sa ni nake yi, in miƙa wa mai shi in karɓi kuɗina. Hoton da ake ratayewa don kawai a tsaya a kalla baƙon abu ne a wurina. Duk wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro, a Arles ne ko a wani gari, don Allah ya ba mu labari. Musamman ina so in ji abin da zai sa mutum ya niƙi gari ya je kallon hoton da zai iya buɗewa a wayarsa.

Mai Ɗakin Duhu:
Wa alaikumus salam. Barka da wannan niyya, ɗana. Na je Arles, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne ka cire rai da ganin komai. Wanda ya ce sai ya leƙa kowane ɗaki, kafin la'asar idonsa ya ƙoshi, hotunan duk sun zama iri ɗaya a wurinsa.

Tun 1970 ake wannan biki. Wani mai ɗaukar hoto ɗan garin, Lucien Clergue, shi ya assasa shi tare da marubuci Michel Tournier da masanin tarihi Jean-Maurice Rouquette, a lokacin da gidajen tarihi da yawa ba su ɗauki hoton kyamara a bakin komai ba. Makon farko na Yuli shi ne makon buɗewa, a nan ake cunkoso, amma hotunan suna nan a rataye har ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Babu wani katafaren zaure guda da aka tara komai. Za ka shiga tsohuwar majami'a da aka daina ibada a cikinta ka tarar da hotuna, ka fito ka shiga tsohon asibitin da aka kwantar da mai zane Van Gogh a 1888, nan ma hotuna, daga nan ka taka zuwa rumfunan da a da ake gyaran jiragen ƙasa, kusa da dogon benen Luma da aka buɗe a 2021. Duk da ƙafa ake yi, kuma ranar Yuli a can ba ta wasa. Da dare a makon buɗewa sai a haska hotuna da majigi a dandalin wasan da Rumawa suka gina shekara sama da 2000 da suka wuce, mutane na zaune a kan dakalin dutse.

Kan tambayarka kuwa: waya ba ta nuna maka takarda. Na tsaya gaban wani hoto baƙi-da-fari da aka wanke da hannu a kan takarda mai sinadarin azurfa, hoton wani mutum cikin baƙar riga a ɗaki mai duhu. Na san hoton a intanet, can baƙin duk dunƙule yake wuri guda. A bango sai ga ninkin rigar, ga bakin ƙofa a bayansa, baƙi kala-kala a cikin baƙi. Allon waya haske yake feso maka a ido, takarda kuwa hasken ɗakin take mayar maka, shi ya sa in ka gusa kaɗan hoton ma sai ya sauya. Ni da na yi shekaru hannuna cikin ruwan wanki, na san wahalar da wanda ya fitar da wannan baƙin ya sha.

Hajiya Mai Zane:
Baba ya yi maganar takarda, ni bari in yi ta girma. Na halarci bikin Bamako na 2015, wanda marigayiya Bisi Silva ta jagoranci tsara shi. Duk bayan shekara biyu ake yin sa tun 1994, kuma wancan karon ya zo ne bayan an fasa na 2013 saboda rikicin ƙasar Mali, don haka mutane suna ɗokinsa. Babban baje kolin a gidan tarihi na ƙasa yake. A can ne sunan Seydou Keïta, marigayi mai ɗaukar hoto ɗan Mali, ya yi ta shiga kunnena, kowa ka zauna da shi sai ya ambace shi, shi da Malick Sidibé, wanda a 2007 ya zama mai ɗaukar hoto na farko da aka ba lambar Zakin Zinare ta babban bikin fasaha na birnin Venice kan aikin rayuwarsa.

Da aka yi babban baje kolin Keïta a Grand Palais na Paris a 2016 sai na je. Mutumin nan ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana, bayansu zane mai fure, ya ara musu rediyo ko agogo ko babur su riƙe. Nagatif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, santimita 13 ne da 18, kuma daidai wannan girman yake wanke wa masu shi, abin da za a sa a ambulan a aika wa dangi. Sai a shekarun 1990 aka soma faɗaɗa su, wasu har sun haura mita ɗaya. A wancan zauren an rataye iri biyun. Manyan suna da kwarjini, matar da ke ciki tana kallonka ido cikin ido kamar ita ta kira ka. Ƙananan kuwa sai ka sunkuya, gefensu ya yi ja, wasu an shafa wa ɗankunne ko ɗankwali launi da hannu. Ni ƙananan suka fi taɓa ni, domin su ne hannun masu su ya taɓa. A waya da babban da ƙaramin duk tsawon tafin hannu ne, ba za ka ma san akwai bambanci ba.

Wani abin takaici a tarihinsa, a 1991 an nuna hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, an rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali yana nan da ransa a Bamako, nagatif dubbai a ajiye.

Ɗan Tababa:
Ku yi mini afuwa Baba da Hajiya, ni nawa labarin ba mai daɗi ba ne. Na je wani biki, ba sai na faɗi garin ba. Ɗaki guda cur an ba wani, hotunan kujerun roba ne a filin da babu kowa, sai wani dogon rubutu a bakin ƙofa da na karanta har ƙarshe ban gane inda ya dosa ba. Mutane na tsaye suna gyaɗa kai. Na tambayi wanda ke kusa da ni me ya gani, ya ce shi ma yanzu ya shigo.

Kuma ku duba harkar kuɗin. Hoton kogin Rhine da Bajamushe Andreas Gursky ya ɗauka, an sayar da shi dala miliyan 4.3 a 2011. Ruwa ne da ciyawa da sararin sama, layi-layi. Shi da bakinsa ya ce ya goge masu yawo da karnuka da ginin wata masana'anta da kwamfuta. To wannan hoto ne ko zane? Sabon Shiga, ka je, amma kada wani ya sa ka ji kamar kai ne ba ka waye ba in abu bai burge ka ba.

Mai Ɗakin Duhu:
Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, Malam, kuma a kowane biki akwai ɗakin da rubutunsa ya fi hotunansa ƙarfi. Ni dabarata, ba na karanta bango sai na zagaya ɗakin tukuna. In hotunan sun riƙe ni, in dawo in karanta. In ba su riƙe ni ba, in yi gaba, ba wanda ya bi ni bashi.

Sai dai na Gursky, ka tuna faɗinsa ya haura mita 3, kuma kwafi 6 kawai aka yi. A wannan kasuwa haka ake yi: za ka ga an rubuta 2/5 a jikin ƙaramar takardar da ke gefen hoto, ma'ana na biyu cikin biyar, mai shi ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara wanke wani a wannan girman ba, ban da ɗaya ko biyu da yake ajiye wa kansa. Ƙarancin ake saya tare da sunan. Ko ya kai kuɗin ko bai kai ba, wannan tsakanin masu kuɗi ne. Gogewar kuwa ba da kwamfuta ta fara ba. Mu ma a ɗakin duhu muna tare haske da hannu a wani gefen, mu ƙara shi a wani, mu shafe tabo da ɗan burushi.

Tsohon Ɗan Jarida:
A nan ne zan sa baki. Gogewa halal ce ga mai hoton fasaha, ga ɗan jarida kuwa laifi ne da ke raba mutum da aikinsa. Wanda yake so ya ga bambancin ya je Perpignan, ita ma a kudancin Faransa, inda ake bikin Visa pour l'Image tun 1989, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Hotunan labarai zalla, kuma shiga kyauta ne. Na je, na ga 'yan gari da 'ya'yansu suna bin layi a wani tsohon gidan zuhudu don su kalli hotunan yaƙi da na fari da na 'yan gudun hijira. Can ba a damu da firam mai tsada ba, kuma rubutun ƙasan hoto wajibi ne ka karanta shi: wane ne, a ina, yaushe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jeri. A jarida hoto ɗaya muke zaɓa daga aikin da mutum ya yi wata da watanni yana yi. A bango sai ka ga labarin gaba ɗaya, hoto na bin hoto, ka gane cewa wanda muka buga a shafin farko sau da yawa ba shi ne zuciyar aikin ba, shi ne dai ya fi ihu. Amma ina gargaɗi, kada mutum ya jera irin waɗannan ɗakuna a yini guda. Na fito daga wani sai da na nemi wuri na zauna.

Ɗalibar Hoto:
Ni bikin LagosPhoto na Legas na sani, wanda Azu Nwagbogu ya fara a 2010. Abin da na fi so a ciki shi ne manyan hotunan da ake kafawa a waje, a wuraren shaƙatawa da bakin titi, inda wanda bai taɓa tunanin shiga gidan baje koli ba zai ci karo da su. Na tsaya kusa da wasu mutum biyu suna gardama kan wani hoto, ɗaya na cewa an shirya shi ne, ɗaya na cewa a'a. Ba su karanta komai ba, kuma gardamar tasu ta fi wasu laccocin da na zauna a ciki.

Yaya Sabon Shiga, tunda kai ma kana ɗauka, ka nemi zaman duba aiki. Yawancin bukukuwan nan suna yi, har da Arles a makon buɗewa: ka yi rajista tun da wuri, a ba ka kamar minti 20 da mai tsara baje koli ko editan hotuna ko mai buga littattafai. Ni a wani bikin na yi. Matar ta baza hotunana a tebur, ta ture fiye da rabi gefe ba ta ce uffan ba, ta sauya wa sauran jeri, sannan ta tambaye ni me ya sa kullum nake tsayawa nesa da mutane. Raina ya ɓaci a lokacin. Wanda na gani bayanta kuma ya ce nisan nan shi ne abin da ya fi so a aikin. Har yau ban yanke hukuncin wanda ya fi gaskiya ba, amma jerin da ta yi shi nake amfani da shi.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙanwata, a kwamfuta zan nuna musu ko sai na wanke? Kuma Baba, ana barin mutum ya ɗauki hoton abin da ke bango?

Ɗalibar Hoto:
Ka wanke, Yaya, ko da ƙanana ne, don a iya ɗaga su a sauya musu wuri. Guda 15 zuwa 20 sun isa, kuma su kasance kan magana ɗaya. Kada ka haɗa na aikin kuɗi da na ganin damarka a jaka guda.

Mai Ɗakin Duhu:
Galibi ana bari, in dai ba ka kunna filasha ba, amma ka duba alamar bakin ƙofa domin wasu masu hotunan ba sa yarda. Za ka kuma tarar da ɗakunan da aka rage wa haske sosai. Ba rowar lantarki ba ce, tsofaffin hotuna ne haske ke cinye su a hankali, don haka ka ba idonka ɗan lokaci ya saba kafin ka matsa kusa. Ni takardar gefe kawai nake ɗauka, mai suna da shekara da irin wankin, don in nemi mutumin daga baya. Ɗakin da ka fi ƙwallafa rai a kansa ka fara da shi da safe ana buɗewa, kafin jama'a su cika gaban gilashin.