Wane tabarau ya dace da mai walda?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya fara koyon walda nan Zango, shekaranjiya da dare ya tashi yana kuka wai kamar an zuba mai rairayi cikin ido, hawaye sai zuba, ko fitila bai iya kallo. Ashe da baƙin tabarau na kwalliya yake aiki, irin na jika guda da ake sayarwa kasuwar Dole. Mi ya kamata in sayo mai?

Baban Hadiza:
Wa alaikumus salam. Hasken walda ne ya ƙone mai ido, kuma shi ba nan take yake kama mutum ba sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa cikin dare ne ake jin jiki. Yawanci kwana 1 ko 2 ya lafa amma ku kai shi likita, kar a ɗiga mai nono ko wani haɗi. Ka nemo mai mas ɗin walda mai rufe huska duka, gilashi mai lambar duhu 10 zuwa sama, wancan na gayu ne kawai.

Mai Garaji:
Gaskiya ne Malam. Ni yankan ƙarfe ne ya koya min hankali, ɗan tsinke ƙarami ya shige idona na hagu ina ta murzawa, sai asibiti aka cire shi. Yanzu in zan yanka ƙarfe farin tabarau na roba mai rufe gefe nake sawa, ka duba in an rubuta EN 166 ko Z87 a jiki, alamar ingancin tabarau na kare ido ke nan. Zuhwa tana damuna da shi lokacin zahi, amma haka nan.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, gobe in Allah ya kai mu zan zagaya kasuwa.