Shagunan gahawa na bakin ruwa a Amphawa: yadda ake tsara Asabar da Lahadi

Ɗalibi a Bangkok:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa da ke zuwa sarin kaya Tailan sun yawaita tambayar inda za su je su huta a ƙarshen mako idan Pratunam, kasuwar tufafin Bangkok, ta ishe su. Amsata kullum Amphawa ce, a lardin Samut Songkhram, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi kudu maso yammacin Bangkok idan hanya ta yi kyau. Gari ne da aka gina a gefen wata hanyar ruwa da ta ɓalle daga kogin Mae Klong. Gidajen katako sun jeru hagu da dama, ƙofofinsu na kallon ruwa, da yawansu an mayar da su shagunan gahawa da masauki. Kasuwar kan ruwa tana ci Juma'a, Asabar da Lahadi ne kawai, daga bayan azahar zuwa wajen ƙarfe takwas ko tara na dare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a iso ƙarfe huɗu na yamma ranar Asabar, a kutsa cikin turmutsitsi, a koma Bangkok da daddare. Mai yin haka kasuwa ya gani, bai ga garin ba. A kwana. Duk wanda ya san wurin ya ƙara abin da ya sani, don Allah.

Mai sarin tufafi a Pratunam:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki maganar hanya.

Mafi sauƙi ita ce ƙaramar bas daga tashar kudu, Sai Tai Mai. Kuɗin bai kai baht 150 ba (baht shi ne kuɗin Tailan). A tambaya tun wajen sayen tikiti ko har Amphawa za ta shiga, don wasu a garin Mae Klong suke tsayawa. In a can aka sauke mutum, babu damuwa: akwai a-kori-kura mai benci biyu a baya, su suna ce mata songthaew, tana kai mutane Amphawa da 'yan canji, tafiyar kamar minti goma sha biyar. Abin da ke ɓata lissafi titin Rama na Biyu ne. Shekara da shekaru ana aiki a kansa, kuma shi ne babbar hanyar masu zuwa kudu, saboda haka safiyar Asabar bayan ƙarfe takwas cunkoso kan mayar da awa ɗaya da rabi ta koma uku. A fita kafin bakwai.

Hanyar jirgin ƙasa ta fi daɗi amma tana son lissafi, domin kashi uku ce. Daga tashar Wongwian Yai zuwa Mahachai, awa ɗaya, baht 10. A fita daga tasha, a ratsa kasuwar kifi zuwa bakin kogin Tha Chin, a shiga jirgin fito a tsallaka. Sai a taka ko a hau acaɓa zuwa tashar Ban Laem, inda jirgi na biyu ke tashi zuwa Mae Klong, shi ma kamar awa ɗaya, baht 10. A nan matsalar take: jirgin Ban Laem sau huɗu kacal yake tashi a yini, 7:30, 10:10, 1:30 da 4:40. Wanda na goma da minti goma ya kuɓuce masa zai zauna fiye da awa uku. Don haka a kama jirgin Wongwian Yai na sassafe, a bar aƙalla minti arba'in tsakanin sauka a Mahachai da tashin na Ban Laem.

Wannan jirgin shi ne ke ratsa tsakiyar kasuwar Mae Klong, inda 'yan kasuwa ke janye rumfunansu ya wuce, su mayar da su kamar ba a yi ba. Yana shigowa 8:30, 11:10, 2:30 da 5:40. Ga mai kallo daga ƙasa, na takwas da rabi ya fi sauƙin jama'a.

Wata 'yar'uwa mai karatun aikin jinya:

Alhaji ya gama maganar hanya. Ni abin da nake son a kula da shi ruwan ne kansa, don shi ke yanke ko zaman shago zai yi daɗi.

Amphawa kusa take da bakin teku, saboda haka ruwan hanyar yana cika yana janyewa kowace rana. In ya cika, yana zuwa dab da dandamalin katakon da aka jera kujeru, mutum na zaune ƙafarsa na lilo a kan ruwa, masu kwale-kwale na miƙo abinci. In ya janye, sai a ga ginshiƙan gidaje tsirara, baƙar laka na tashin ƙarni, kwale-kwale sun sauka can ƙasa sai an bi matakala mai santsi. Shago ɗaya ne, amma kamar wuri biyu. A lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa ya fi cika da rana ya janye da dare. Daga wajen Afrilu zuwa Agusta kuma akasin haka ne, janyewar ta fi faɗowa da rana. A duba jadawalin cikar ruwa na bakin kogin Mae Klong a intanet kafin a zaɓi ranar tafiya, minti biyu ne. Wajen Oktoba da Nuwamba, idan cikar teku ta haɗu da ruwan damina, ruwa kan hau kan hanyar ƙafa a wasu wurare, a sa takalmin roba.

Game da zaɓen shago: waɗanda ke kusa da gadar tsakiyar kasuwa cike suke da yamma, ba a iya zaman minti ashirin ba a tsaya wa mutum a kai ba. A ci gaba da tafiya gefen ruwa, ana nisa da gada jama'a na raguwa, kujerar baki-baki na samuwa. Akwai wurin da gidauniyar Chaipattana ke kula da shi, Amphawa Chaipattananurak, da shagon gahawa a gaba mai suna Chan Chala, da gonar kwakwa a baya inda ake samun inuwa da tsakar rana. Gyaran tsofaffin gidajen unguwar ne ya sa UNESCO ta yaba mata a 2008, kuma an bar su yadda suke, da ƙofofin allo masu naɗewa. In an ga takalma a bakin ƙofa, a cire nasa.

Sauro na fitowa da magariba, kuma akwai zazzaɓin dengi a ƙasar, wanda sauronsa ma da rana yake cizo. A shafa magani tun la'asar, musamman a ƙafa, don ƙarƙashin tebur suke fakewa. Guza kuma za a gan shi yana iyo, wani ya fi tsawon hannu biyu. Ba ya kula kowa, amma kada a bar yara su jefa masa abinci.

Mai harkar duwatsu masu daraja a Silom:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan ruwa. Sai abin sha, don shagunan iri biyu ne kuma ba a yi musu oda iri ɗaya.

Na gargajiya suna dafa gahawa a mataci na ƙyalle mai kama da safa, a tulun ƙarfe da ke kan wuta kullum. Wanda ya saba da teburin mai shayi zai gane aikin da kallo ɗaya. Sunan wannan gahawa kafae boran: madara mai kauri ta gwangwani a ƙasan kofin gilashi, baƙar gahawa a sama, sai mutum ya juya da cokali. Oliang ita ce baƙa mai ƙanƙara, an gasa ta da hatsi irin su masara da waken soya, shi ya sa take da ƙamshin ƙauri kaɗan. Cha yen kuwa shayi ne mai launin ruwan lemo da madara da ƙanƙara. Duka ukun ba sa wuce baht 25 zuwa 40. Na zamani masu inji da na'urar sanyaya ɗaki suna farawa daga wajen 60 zuwa 100, kuma rabin kuɗin na kujerar bakin ruwa ne.

Sukari shi ne abin lura. Idan ba a yi magana ba, za a zuba madara mai zaƙi, a ƙara sukari, wani ma ya ƙara ruwan sukari. A ce "wan noi", wato zaƙi kaɗan, ko "mai wan", babu zaƙi. A faɗa tun kafin a fara haɗawa. Mai ciwon sukari ya sani cewa "mai wan" a cha yen ba ta cire zaƙin madarar gwangwani, gara ya nemi baƙa zalla. Ƙanƙara mai rami a tsakiya ta kamfani ce, ana sha. Ruwan famfo ba a sha.

A riƙe tsabar kuɗi, takardun 20, 50 da 100. Ƙananan shaguna da masu kwale-kwale da waya ake biyansu ta PromptPay, wanda ke son asusun bankin ƙasar, kuma ba su da canjin 1,000. Injin cirar kuɗi na caje katin waje baht 220 ko fiye a kowace cira, don haka a cire sau ɗaya tun daga Bangkok.

Wani dattijo da ya daɗe a Tailan:

Yarana, kun yi ƙoƙari, amma kun bar abin da ya fi muhimmanci a wajenmu: me za a ci, ina za a yi salla.

Amphawa ba kamar unguwar Nana ta Bangkok ba ce, inda mai abincin halal ke kowace kusurwa. Alade a yarensu "mu" ne, "mai kin mu" na nufin ba na cin alade. Amma faɗin haka bai isa ba, don abin ya fi ɓuya a inda ba a zato. Taliyar kwale-kwale, kuai tiao ruea, da jini ake kaurara romonta, a bar ta gaba ɗaya ko an ce ta naman sa ce. Burodin da aka barbaɗa wa wani abu mai kama da dambun nama a kai, mu yong ne, na alade. Tuyar kifin kwanson nan da ƙwai, wasu da kitsen alade suke yi, a tambaya: "nam man mu?" Kek na shagunan zamani kan zo da jelatin ko ɗan giya a ciki. Abin da ke cikin leda, a duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, mai siffar lu'ulu'u da rubutun Larabci a tsakiya.

Abin da ba shi da matsala yana da yawa, alhamdu lillahi. Masu gashi a kwale-kwale jatan lande, ƙaguwa da kifi suke gasawa a kan garwashi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin cikin teku halal ne. A leƙa wayar gashi a tabbatar babu tsiren alade a gefe. Kifin da garin ya yi suna da shi shi ne pla thu, ɗan gajere mai ƙiba, ana lanƙwasa masa wuya ya shiga ƙaramin kwandon gora. Ya fi maiƙo a lokacin sanyi. Ga ɗanyar kwakwa, ga shinkafa mai danƙo da mangwaro, ga babban lemon nan som-o da ake nomawa a lardin. Miyar tsoma kifin koriya ce, barkono da lemon tsami da tafarnuwa, tana da yaji ƙwarai, a ɗanɗana tukuna.

Salla kuma: alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, kusan digiri 287. Wanda ya saba fuskantar gabas zai juya wa Ka'aba baya bai sani ba. A tafi da darduma, a yi salla a masauki, wannan ma dalili ne na kama ɗaki kusa da ruwa. Mai son tafiya ranar Juma'a ya sallaci Juma'arsa a Bangkok, misali masallacin Haroon a Bang Rak, sannan ya kama hanya. Bayan gida na kasuwa baht 5 ne, kuma mafi yawa akwai ruwan tsarki.

Wata 'yar'uwa mai karatun aikin jinya:

Allah ya saka da alheri, Baba. Ƙari ɗaya a kan masauki. Na gefen ruwa na katako ne, bango siriri, kuma jiragen nan masu dogon inji a baya ƙararsu kamar babur mai fasasshen salansa har wajen tara na dare. Mai ƙananan yara ya nemi ɗakin baya. A kama ɗaki tun mako biyu kafin lokaci, daren Asabar ne ke fara cika.

Ɗalibi a Bangkok:

Saura maƙesu, ƙwarin nan masu walƙiya. Jiragen kallo na tashi bayan magariba daga cikin kasuwa, zagayen kamar awa ɗaya, farashin da aka saba baht 60 ga mutum ɗaya a jirgin haɗaka. Ƙwarin na taruwa ne a bishiyoyin lamphu na bakin kogi, su riƙa ƙyaftawa tare a lokaci guda, bishiya duka ta kunna ta mutu. Sun fi yawa da damina, Mayu zuwa Oktoba, a daren da babu farin wata, kuma ruwa a cike don jirgi ya iya matsawa kusa. Wanda ya je a daren cikar wata a Janairu zai ga kaɗan ne. Waya ba ta ɗaukar su, hasken filas kuma korar su yake yi. A sa rigar kariya da aka bayar, kogin na da faɗi da duhu.

Safiyar Lahadi ita ce ribar kwana. Bayan asuba ruwa lumui, babu inji ko ɗaya. Wajen shida zuwa bakwai sufayen Buda ke tuƙo ƙananan kwale-kwale suna karɓar abinci daga mutanen gari, a kalla daga nesa ba tare da tare musu matakala ba. Masu gahawar gargajiya na buɗewa da wuri, na zamani sai tara ko goma. Daga nan a ɗauki shatar mota zuwa kasuwar Tha Kha, kamar kilomita 10, wadda da safe take ci, ƙarama cikin gonakin kwakwa. A kusa da ita ake dafa ruwan furen kwakwa a manyan kasake har ya daskare ya zama sukari, kamar yadda ake mazarƙwaila, kuma tsaraba ce mai jure tafiya. A yi ciniki da direba kan zuwa da dawowa, don motar haya ta manhajar Grab ba ta cika samuwa a can ba. Mai sha'awar tarihi ya biya Wat Bang Kung, ginin da saiwoyin bishiya suka naɗe, ko lambun tunawa da Sarki Rama na Biyu, wanda a Amphawa aka haife shi, ya yi mulki daga 1809 zuwa 1824.

Mai sarin tufafi a Pratunam:

Komawa: a tambayi lokacin bas ta ƙarshe tun ranar isowa, a sayi tikiti da wuri. Yammacin Lahadi duk Bangkok ke komowa ta titin Rama na Biyu, don haka a bar Amphawa kafin ƙarfe uku. Mai jirgin sama a daren Lahadi ya tashi tun sha biyu. Jirgin ƙasa na ƙarshe daga Mae Klong 3:30 yake tashi.