Sartse ko ƙaya?

Maman Biyu: Jama'a, jiya ina faskaren itace wani siririn abu ya shige min ƙarƙashin farce. Na ce ƙaya ce, surukata ta ce a'a, sartse ne. Mene ne bambancin, don Allah?

Kafinta: Hajiya ta fi ki gaskiya. Ƙaya a jikin bishiya take tsirowa, irin ta aduwa ko bagaruwa. Sartse kuwa daga busasshen ice ko katako yake tsagewa. Kullum sai ya shige ni a shago.

Ɗan Katsina: Har karan dawa yana yi. Amma kada a haɗa shi da sassaƙe, wanda gizago ke zubarwa.

Maman Biyu: Na gode. Da allura aka ciro shi, har yanzu yatsan na zogi.