Wai Kiki Bertens gwarzuwa ce?

Mai Raket: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Na biya kuɗina a gidan kallon unguwarmu, talabijin uku ne, duk ukun ƙwallon ƙafa, ɗaya ma maimaicin wasan jiya ne. Na roƙi mai gidan ya juya ɗaya zuwa tanis na mata ko na awa guda, aka bushe da dariya. Wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba ya ce in faɗi sunan 'yar tanis ɗaya da ba Serena ba. Na ce Kiki Bertens ta Holan, gwarzuwar da ta kai ta 4 a duniya a Mayun 2019, matakin da babu macen ƙasarsu da ta taɓa takawa. Suka ce ba su taɓa jin ta ba. Don Allah adalci ne a ce kuɗinmu ɗaya amma mai son tanis ba shi da ta cewa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Malam. Amma gwarzuwa? Grand Slam, wato manyan gasannin tanis huɗu na duniya, nawa ta ci?

Mai Raket: Ba ta ci ba. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a French Open na 2016, Serena Williams ta fitar da ita. Kofunan WTA, wato hukumar tanis ta mata, 10 gare ta a wasan ɗaiɗai.

Ɗan Fagge: To ka ce ta yi ƙoƙari. Gwarzo ai wanda ya dawo gida da kan giwa ne. Wanda ya hango giwa daga nesa mafarauci ne kawai.

Mai Raket: Ba wannan na kawo ba, maganar gidan kallo nake.

Baba Tsoho: Yara, ku saurara. Kafin a haifi wannan yarinyar a 1991, Betty Stöve ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon a 1977. Ita ta ci zangon farko ma, kafin Virginia Wade ta farfaɗo a gaban Sarauniyar Ingila. Kofunan Grand Slam 10 gare ta, 6 a wasan mata bibbiyu, 4 a na mace da namiji. In ana neman gwarzuwar Holan, ga ta nan.

Mai Raket: Ranka ya daɗe Baba, ita ta 5 ta tsaya a duniya. Kiki ta 4. Kuma a wannan Wimbledon ɗin na 1977 wasan ƙarshe uku ta buga, duk ukun aka doke ta.

Baba Tsoho: Kai ka taɓa zuwa wasan ƙarshe ko na langa?

Ɗan Fagge: Baba, na bibbiyu ai kofin haɗin gwiwa ne. Kamar a ce mutum ya yi arziki da adashi.

Hajiya Malama: Ku dakata. Kuna ta cewa Holan, Holan. Sunan ƙasar Netherlands. Holland larduna biyu ne kacal cikin 12, ta Arewa da ta Kudu, gwamnatinsu ma ta daina tallata ƙasar da wannan sunan tun 2020.

Na Barça: Hajiya, tun muna saka atamfa 'yar Holan muke cewa Holan. Ba yau za a canza mana baki ba.

Mai Raket: Hajiya, ita Kiki a Wateringen aka haife ta, cikin lardin Holland ta Kudu. Ko ta lissafinki 'yar Holan ce.

Hajiya Malama: Wannan sa'a ka ci ƙanena, ba sani ba.

Ɗan Fagge: A koma kan gwarzuwa. Ni abin da na riƙe shi ne ta ajiye raket tana da shekara 29. Serena ta haura 40 tana bugawa. Gwarzo ba ya gudu.

Mai Raket: Gudu? Yaya, ka ji tsoron Allah. An yi mata tiyata a jijiyar agara a ƙarshen 2020, ta dawo ƙafar ba ta koma daidai ba, ta sanar tun da wuri cewa 2021 ce shekararta ta ƙarshe, ta rufe da gasar Olamfik ta Tokyo. Wanda ya yi sallama a bainar jama'a ba a ce masa ya gudu. Kuma ka san yadda ta yi a Cincinnati a 2018? Simona Halep ce ta ɗaya a duniya a lokacin, ta cinye zangon farko 6-2, saura maki ɗaya ta ɗaga kofi, Kiki ta ƙwace wasan. A kan daɓe fa, ba a jar ƙasar da ake cewa nan kaɗai ta iya ba. Shekara ta zagayo ta sake doke Halep a wasan ƙarshe na Madrid, 6-4 6-4, duk gasar ba wadda ta ci ta ko zango ɗaya.

Na Barça: Ahaf! Dama na san da walakin. Madrid ce ta kawo mu nan.

Ɗan Madrid: Me Madrid ta yi maka kuma? Ko a tanis sunan yana sa ku ciwon kai?

Na Barça: Ka tambayi Holan ɗin wa ta ba Cruyff da Koeman.

Ɗan Madrid: Seedorf da Van Nistelrooy daga Gaya suka zo?

Admin: Ƙwallon ƙafa a ɗaya zauren don Allah.

Ɗan Fagge: Tunda ana lissafin maki ɗaya, Malam ya faɗa mana na Rosmalen a 2019. A gidansu, gaban mutanenta, ta ci Alison Riske 6-0 a zangon farko, ta samu damar gama wasa har sau biyar, ta zubar. Wannan ma gwarzantaka ce?

Mai Raket: Wannan ya yi min ciwo, ba zan musa ba.

Ɗan Fagge: Sai kuma na Paris a 2020, da aka fitar da ita a keken marasa lafiya bayan ta ci Sara Errani. Ita Errani cewa ta yi wasan kwaikwayo ne.

Hajiya Malama: Ka taɓa jin wanda aka kayar ya yabi wanda ya kayar da shi? An yi sama da awa uku ana bugawa, zangon ƙarshe 9-7, jijiyoyinta sun ɗaɗɗaure. Ku da kuke hawa acaɓa zuwa masallacin bayan gida. Kuma tunda ka ambaci keke, gwarzuwar gaskiya a Netherlands Esther Vergeer ce. Wasa 470 a jere ba a doke ta ba, daga 2003 har ta yi ritaya a 2013, a kan keken guragu. Zinare huɗu a wasan ɗaiɗai na Paralympics, Olamfik ɗin nakasassu. Ku kawo mai irin wannan, mace ko namiji.

Ɗan Fagge: Wannan ai wani fanni ne daban Hajiya.

Hajiya Malama: Daban da me? Raga ɗaya, fili ɗaya, ƙwallon ce kawai aka yarda ta yi tsalle biyu. Ka fito fili ka ce nakasassu ba sa cikin lissafinka.

Ɗan Fagge: Kada ki sa min magana a baki. Ni ƙanen mahaifina a keke yake.

Hajiya Malama: Allah ya ba shi lafiya. Amsa dai ba ka ba ni ba.

Baba Tsoho: Ni har yanzu ba a ba ni haƙuri kan adashi ba. Matar da ta yi wasa kafaɗa da kafaɗa da Billie Jean King, daga baya ta horar da Hana Mandlíková, a ce mata 'yar adashi?

Ɗan Fagge: Tuba nake Baba, wasa ne.

Baba Tsoho: Na ji. Amma ka goge.

Na Barça: Ni dai har yanzu ban ga hoton Kikin ba. Wani ya turo.

Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An yi muhawara mai amfani. Kusan kowa ya yarda cewa Kiki Bertens 'yar wasa ce mai ƙoƙari amma ba ta kai a kira ta gwarzuwa ba, shi kansa Mai Raket ya amsa da bakinsa cewa abin ya yi masa ciwo. Baba ya tabbatar mana da hujja cewa Betty Stöve ce kan gaba, kuma babu wanda ya iya rushe maganarsa. Hajiya ta kawo wasu bayanai na gefe, mun gode. Ɗan Madrid ya nemi tayar da fitina kamar yadda suka saba, an ja masa kunne. Sunan ƙasa kuma Holan ya tabbata.

Ɗan Madrid: Ni na fara? Duba sama ka ga wa ya ce ahaf.

Hajiya Malama: Wasa 470 ne bayanin gefe? Wa ya ƙirga "kusan kowa" ɗin?

Mai Raket: Rosmalen na ce ya yi min ciwo, Admin. Kuma gobe akwai wasan mata ƙarfe huɗu, wa ke da dikoda a Fagge ko Kurna? Zan zo da man janareta.